Kwalayen Shugaba

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya sa albarka a neman da ya kai ka can. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi lokaci-lokaci. Baba kuwa jikinsa ƙalau, zuciyar ce dai sai a hankali.

Wasiƙarka ta iso, wadda ka ce a lallashi Baba ya je ya roƙi Shugaban 'yan kasuwar layinsu ya sama masa rumfa a sabuwar kasuwa. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, Yaya, amma sai da raina ya ɓaci, don rabin labarin aka ba ka. Ka san ni, magana ba ta kwana a cikina.

Ranar da aka shafa wa shagunan jan fenti aka ce za a faɗaɗa titi, Shugaba ya tara su, ya bugi ƙirji ya ce ya gana da manya, magana ta mutu. Ya ce kada kowa ya fitar da ko allura, wai kwashe kaya amincewa ne da rusau. Ka san yadda Baba ya ɗauki mutumin nan, hotonsa ne a saman teburin gyara, inda ko namu bai samu shiga ba. Na ɗauko mai baro mu kwashe ko da rediyoyi da agogunan mutane, Baba ya fatattake mu, wai zan ba shi kunya. Ya nuna min shagon Shugaban, kwalaye jibge har rufi, ya ce in mai wannan dukiya bai ji tsoro ba, shi wane ne?

Ranar Talata da hantsi katafila ta iso. Minti goma aka ba su. Akwatin kayan aikinsa kaɗai Baba ya tsira da shi, shekara talatin da ɗaya ta koma ɓaraguzai muna tsaye muna kallo. Da aka zo kan shagon Shugaba, bango na faɗuwa sai ga kwalaye suna tashi, iska na wasa da su a titi. Wallahi Yaya, fanko ne duk! Ashe tun sati biyu kafin nan ya kwashe kayansa ta ƙofar baya zuwa shaguna uku da aka ba shi a sabuwar kasuwa, ladan riƙe mutane shiru. Wani kwali ya gangaro gaban Baba, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya daɗe yana kallon cikinsa.

Ba shagon ne ke cin Baba ba, amanar mutane ce. Wata tsohuwa ta zo karɓar rediyon marigayi mijinta, Baba sai hawaye. Ni kam ban yafe ba, kada ma wani ya ba ni haƙuri. Don rashin kunya har aikowa Shugaban ya yi, wai Baba ya zo su gana, ana duba masu biyayya. Masu biyayya fa!

Yanzu Baba ya kafa ɗan tebur a ƙofar gida. Aiki na shigowa jefi-jefi, bai kai na da ba, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba wani shugaba ne ya turo masu kawo gyaran ba.

Inna tana gaishe ka, haka Gwaggo da Kawu da Auta. Ka gaida matarka, ka shafa min kan yara.

Na karanta wa Baba wasiƙarka har ƙarshe. Da na gama, ya ce shekara da shekaru bakinsa na cewa ga Allah ya dogara, alhali zuciyarsa tana jingine da mutum mai ci da sha irinsa. Ya ce in gaya maka ya gode, amma gwiwarsa ta tsufa, ɗan ƙarfin da ya rage mata na sujada ne, ba zai kai shi ƙofar Shugaba ba.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Sarkin Tsiwa