Mayafin Juwairiyya

Agege, Legas
9 ga Afrilu, 2001

Zuwa ga Yaya Barau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukkan mutanen Funtuwa. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ɗana Shafi'i ya koma harkarsa a kasuwar Alaba Rago, matarsa Mastura kuma ta yi yaye.

Yaya, saƙonka ya iso, cewa in ɗauko 'yarka Juwairiyya daga jami'a a Gana tunda an ce maka tana wasan soyayya a gaban maza. Ban amsa da wuri ba, don ka san ni, ba na shaidar abin da idona bai gani ba. Sai na sa Shafi'i ya raka ni, muka bi ta iyakar Seme har Ankara, babban birnin Gana, muka kalli wasan bayan la'asar.

Tsohon labari ne na Turawa, an ce ya fi shekara ɗari uku. Ba na jin Turancinsu, sai ƙawarta Zeinabou, 'yar Damagaram, take raɗa mini. Wani jarumi ne ya kori matarsa saboda girman kai, ya tafi yaƙi, aka dawo da gawarsa, dangi duk suka watse, ya rage sai ita. Juwairiyya ce matar. Da aka shimfiɗe yaron da ya fito a mijin, Zeinabou ta ce mini a rubuce matar faɗawa take yi kansa ta rungume shi.

Ba ta yi haka ba, Yaya. Tsayawa ta yi, ta kwance babban mayafin da ta ɗora kan lulluɓinta, ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ta ja gefen ta daidaita, ta kori masu leƙe da hannu. Sannan ta zauna daga damansa. Ko yatsansa ba ta taɓa ba. Ɗakin nan mai mutum ɗaruruwa, ko tari ba ka ji.

Da aka tashi, mutane suka yi ta gardama. Har Zeinabou ta ce ita a ganinta matar ba ta yafe ba, tunda ba ta yi kururuwa ba. Na ce mata shekara ashirin ina wankan gawar mata a Agege, kuma na lura wanda ya fi son mamaci shi ke fara neman abin da zai suturta shi. Mijin nan ya tozarta ta yana raye, ita ta ƙi bari a kalli tozarcinsa.

Daga baya na tambayi Juwairiyya wa ya koya mata. Ta ce sati biyu tana ja da malaminsu kafin ya yarda a canza wurin. Ta ce abin da ta ga na yi ne ranar da maigidana Malam ya cika, tana 'yar shekara tara a bakin ƙofa. Ni ban ma san tana wurin ba.

Kai ne uba gare ta, ba zan tsallake maganarka ba. Amma shekara ɗaya ta rage mata, kuma ina roƙonka ka bar ta ta gama. Ni dai bakina ba zai iya ce mata ta yi abin kunya ba, don ban ga shi ba.

Ka gaida Yaya Laraba, da Mamman, da Firdausi da jaririnta. Mayafin kuwa nawa ne, wanda ka kawo mini daga Makka, ta are shi don wasan. Na bar mata shi.

Ƙanwarka,
Kalsum