Hoton da Ya Tsaya a Gira

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya sa ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ya ƙara mana haƙurin rashin ƙanwarki, Ya haskaka makwancinta. Mu nan lafiya lau. Takwararki ta shiga shekara biyar, an sa ta a makaranta, kuma surutun uwarta ta kwashe shi kaf, ko kaɗan ba ta rage ba. Mahaifiyata ce ke riƙe ta da rana in na tafi shago.

Na zaɓi takarda ne don na san in na ji muryarki a waya ba zan iya kai maganar ƙarshe ba. Kin tuna tsohuwar kwamfutar shagon hotona, wadda ke kan tebur bayan labule, wadda marigayiya ke yi wa tsiya wai ta fi injin niƙa ƙara? Duk hotunanta a ciki suke. Shekara goma sha biyu ina wanke wa mutane hoto ina sa musu a gilashi, amma ban taɓa wanke na matata ko guda ba. Kullum sai in ce gobe. Ita kuma kin san halinta, da an ɗaga mata waya sai ta kare fuska da mayafi, ni kaɗai take yarda ta zauna wa.

Watan jiya takwararki ta tsaya gaban madubi tana duba haƙoranta, ta tambaye ni ko mamanta ma tana da wushirya. Nan na gane fuskar ta fara ɓace mata. Na yi mata alkawarin kawo hoto washegari. Na je shago na danna maɓallin kwamfutar, fankarta ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin, sai wata 'yar ƙara ƙyas-ƙyas daga ciki. Na kashe na kunna. Na sake. Kwana biyu ina abu ɗaya, ya fi sau talatin, har dukan gefenta na yi da tafin hannu kamar tsohuwar rediyo.

Da na gaji na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai gyara a benen kasuwa. Ya kwance ta, ya ciro ma'ajiyarta, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, ya jona shi da tasa kwamfutar, ya kara kunne. Ya tambaye ni sau nawa na kunna ta bayan na ji ƙarar. Na ce sau biyu. Ya dube ni ta saman tabarau, har kunya ta sa na faɗi gaskiya. Ya ce akwai faifai a ciki da wata 'yar allura mai karanta shi, allurar ce ta lalace, kuma duk kunnawar da na yi kartar faifan take yi. Da ranar farko na kawo, in ji shi, da akwai kyakkyawan zato. Yaya, wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Da yatsana na yi ta goge hotunan ƙanwarki, ina ganin ceto nake yi.

Kwana tara yana kwasar abin da ya rage a hankali. Mutumin ya yi iya yinsa, Allah Ya saka masa. Hotunan fasfo na mutanen da ban ma san sunansu ba sun fito dubbai, tas da su, kowa ya murtuke fuska yana kallona. Na marigayiya kuwa, cikin ɗari biyu da 'yan kai, guda ɗaya ne ya buɗe, shi ma sama kawai. Ga shuɗin labulen shago, ga koren ɗankwalinta, ga goshi, ga gira. Daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne, babu komai. Na tuna ranar da na ɗauke shi. Dariya take yi don na taka wayar fitila na kusa kifawa. Dariyar tana ƙarƙashin tokar nan, ni kaɗai na sani.

Haka na wanke shi na kai gida, tunda na yi alkawari. Yarinyar ta karɓa ta daɗe tana kallo. Sai na ga ta sa farce tana kankare wurin tokar, yadda take ganin ina yi wa katin waya. Da ya ƙi, ta miƙo mini ta ce in taya ta, wai farcena ya fi ƙarfi. Fita na yi na tsaya bayan ɗaki, don kada ta ga fuskata.

Roƙona, don Allah ki duba tsofaffin wayoyinki da akwatunanki, ki tambayi duk wanda ya zo bikinmu. Ko daga nesa ne, ko a gefen wani ta fito, ina so. In kin samu, ki wanke shi a takarda kafin ki yi komai, kada ki yi irin wautata.

Ki gaishe mini da maigida, da 'yan biyu, da Kawu in kun yi waya. Mahaifiyata tana gaishe ki ƙwarai.

In kuma ba a samu ba, ki aiko mini da naki, kina dariya. Kowa ya san idanunku da wushiryarku iri ɗaya ne. Ba zan yi mata ƙarya ba, zan gaya mata na yayar mamanta ne. Zan ajiye shi kusa da wancan, ta riƙa haɗawa da kanta.

Ƙaninki,
Baban takwararki