Mai Gadin Tukwane

Birnin Kebbi, Litinin

Zuwa ga matata Jamilatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Argungu. Ya ƙafar Inna?

Gobe za mu shiga daji, amma ki kwantar da hankalinki, ni baya anka aje ni. Ƙato kamata, da motar sulke mai igwa a ka, wai aikina tsaron hanyar da abinci da ruwa da motar asibiti ke bi. Ƙanenki Sirajo yana cikin sojan ƙasa da za su gaba. Ɗan banzan yaron nan ya laƙa mini suna mai gadin tukwane, duk bariki ta ɗauka. Wallahi abin ya ci mini rai, dariyar yaƙe kawai nike yi.

Kada ki faɗa wa Inna autanta na gaba. Ku dai yi addu'a.

Mijinki,
Ɗankure

Birnin Kebbi, Asabar

Jamilatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ki zauna kafin ki ci gaba. Sirajo na da rai.

Ran Alhamis da hantsi anka harbe shi a cinya. Motar asibiti ta ɗauko shi, ashe ɓarayin dajin sun zagayo bayanmu kan babura, suna son tare ƴar gadar da ita kaɗai ce mafita. Da sun riƙe ta, da jini ya ƙare masa a hanya. Munka gitta motarmu a bakin gadar. Harsashi na dukan ƙarfe kamar ana jifar kwano da tsakuwa, ina riƙe da sitiyari, amma ban ja baya ba sai da ɓarayin sunka watse, motar asibiti ta wuce. Ban ma san Sirajo ke ciki ba, sai da la'asar.

Likita ya ce ƙafar za ta taka. Yanzu ki faɗa wa Inna, a hankali, ku shigo motar safe. Ki riƙo busasshen kifi, shi yake ta nema.

Jiya da ya farka ya gan ni tsaye kansa, bakin nan nasa bai mutu ba. Da ƙyar muryar ke fita, ya tambaye ni wa na bar wa tukwanen. Jamilatu, fita na yi waje na yi ta kuka kamar yaro.

Naki har kullum,
Ɗankure, mai gadin tukwane