Ƙafar Akawal

Yaya Almustafa,

Na koma Kalfu, ban iya jiran ka ba. Dokinmu Akawal na can gidan abokinmu Ɗangana tun sukuwar jiya, tsaye da ƙafa uku. Likitan dabbobi ya ce jijiyar ƙafar gaba ta tsinke. Zai rayu, amma shi da tsere har abada.

Tun Laraba na ce maka yana ɗingishi, ka ce, "Lalaci ne, hau shi." Na hau. Ni ma da laifina.

Na kwashi dusa da harawa na kai masa. Kada ka turo mini dillali, ba zan sayar ba. Inna ba ta sani ba tukuna. Dokin marigayi Baba ne, kai za ka faɗa mata da bakinka.

Attahir