Yarinyar da Aka Ƙi Tafa Wa

Assalamu alaikum, 'yar'uwa mai wannan fili. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin taron iyayen yara da za a yi a makarantarmu ranar Asabar. Kowa ya zuba mini ido yana jiran abin da zan ce, ni kuwa na leƙa cikina ban tarar da komai ba.

Ni malamar firamare ce, aji uku nake riƙewa, kuma na daɗe a aikin har 'ya'yan ɗalibaina na farko sun fara zuwa hannuna. Bara bam ya tashi a tashar mota ya tafi da mutane da yawa, cikinsu har da ɗana na fari, mai rumfar gyaran waya a bakin ƙofar tashar. An yi zaman makoki, mutane suna ta yaba haƙurina. Wallahi ba haƙuri ba ne. Tun ranar nake kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi aka manta da ita. Ina koyarwa, ina duba littattafai, ina sallah a kan lokaci. Ko gishiri ya yi yawa a miya, sai maigidan ya faɗa nake sani.

To, a ajina akwai wata yarinya siririya mai zama a bencin bakin taga, kakarta ke riƙonta. Ubanta yana cikin mutanen dajin da suka ɗauki alhakin harin. Ko da hannunsa a ciki ko babu, Allah ne masani. Ni na koya masa karatu a wannan ajin, shi ne ma monita, mai share mini allo. Ya gama sakandare ba aiki, sai wani ɗan takara ya kwashe shi da abokansa, ya ba su riga mai hotonsa da babur da gora, suna tarwatsa taron abokan hamayya. Da aka ci zaɓe, mutumin ya canja lambar waya, 'yan sandan da ke kau da kai a da suka koma farautarsu. Ana nan sai ga wani mai wa'azi a wani kango bayan injin katako, yana ciyar da su, yana kiransu dakarun Allah, yana gaya musu duk wanda ya wulaƙanta su maƙiyin addini ne. Daga nan ba a sake ganinsa ba.

A ofishin malamai kullum gardamar ke nan. Malamin lissafi ya ce duk siyasa ce, addini riga kawai aka sa mata. Malamin addini ya ce jahilci ne, da yaron ya yi karatu a gaban malaman kirki da ba a ja shi da igiya ba. A gida maigidan ya ce talauci ne, alhali na san waɗanda suka fi shi talauci ba su taɓa marin kowa ba. Kowannensu in ya gama sai ya juyo ya kalle ni, wai in gaskata shi, tunda ni aka yi wa rashi. Ni dai yaron da ke share mini allo na sani, ban san a wace kwana ya ɓace mini ba.

Yanzu zaɓe ya sake ƙaratowa. Ɗan takarar nan dai, shi da kansa, ya zo makarantarmu da alkawarin katanga, ya ce bai kamata jinin 'yan ta'adda ya zauna benci ɗaya da 'ya'yan mutane ba. Iyaye da yawa sun bi shi, suna neman a cire yarinyar, don haka aka kira taron Asabar. Ba duka ne mugaye ba, wasu tsoro suke ji kada uban ya zo ɗaukarta wata rana da abin da ya saba zuwa da shi. Yaran ɗan takarar sun zo har gida suna neman hoton ɗana, wai in zauna kusa da maigidansu a taron ina riƙe da shi. Limamin unguwa kuma ya aiko matarsa ta gaya mini laifin uba ba ya hawa kan 'ya, kuma gara maganar ta fito daga bakina. Shi ba zai faɗa a kan mumbari ba, don rufin masallacin ɗan takarar ne ke yi, yana kuma gudun a ce yana tare da mutanen dajin. Hedimasta ya wanke hannunsa, ya ce abin da na ce shi za a yi. In an cire ta, babu makarantar da za ta karɓe ta a kusa.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne wannan. A ajina duk wanda ya ba da amsa daidai, cewa nake a tafa masa. Makon jiya na rubuta lissafi a allo ya gagari kowa, yarinyar ta fito ta warware shi tsaf. Na ce a tafa mata. Ajin ya yi tsit. Tana tsaye da alli a hannu tana kallona, ni kuma na dubi hannuwana a kan tebur, ba su motsa ba. Ta ajiye allin a mazauninsa, ta goge yatsunta a jikin riga, ta koma ta zauna. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba.

Ban tsane ta ba, ban kuma tausaya mata ba. Da haushi nake ji da na san inda na dosa. Ta yaya macen da ba ta jin komai za ta yanke wa 'yar mutane hukunci?

Malamar aji uku

*

Malama, Allah ya jiƙan ɗanki, ya sa ya huta.

Bari in fara da ke. Wannan rashin jin da kike faɗa ba bushewar zuciya ba ne, wani nau'in baƙin ciki ne da ke kama mutum in abin ya fi ƙarfinsa. Ki gaya wa maigidanki yadda kika gaya mini, ki kuma ga likita ko mai ba da shawara a asibiti. Amma kada ki jira sai kin warke kafin Asabar, ba za ki warke kafin Asabar ba.

Gardamar ofishinku kuwa, kowa ya riƙo gefe ɗaya yana cewa shi ne duka. Ke kika ba da labarin a jere: wani ya yi amfani da shi ya yar, wani ya tsince shi ya sa wa fushinsa sunan Allah, shi kuma ya bi da ƙafafunsa, kuma alhakin wannan yana wuyansa. A cikin mutum ukun nan babu 'yar aji uku. Abin da ya fi ba ni haushi, wanda ya fara danƙa wa uban gora shi ne yau yake neman ƙuri'a da korar 'yar.

Iyayen da ke jin tsoro kada ki raina su, tsoronsu yana da dalili. Sai dai maganinsa mai gadi ne a ƙofa, da sanin wanda ke kawo kowane yaro da wanda ke ɗaukarsa, da sanar da jami'an tsaro. Korar yarinya ba ta tsare ƙofa. Ki faɗa musu haka da taushin murya.

Hoton ɗanki ki bar shi a ɗakinki, ba na kamfe ba ne. Hedimasta ki same shi kafin taron, ki tuna masa cewa ɗauka da cire ɗalibi aikinsa ne shi da ofishin ilimi, ya daina fakewa a bayan makokinki. Liman kuma ku je wurinsa ke da maigidan, ku ce maganarsa gaskiya ce, kuma za ki faɗe ta idan zai miƙe a taron ya faɗa da bakinsa. In ya ƙi, ki faɗi taki. Ki yi magana a matsayin malamar ajin, a taƙaice: yarinyar ɗalibarki ce, ba ta yi wa kowa komai ba, ba da yawunki za a cire ta ba. Mai yiwuwa wasu su daina gaishe ki, mai yiwuwa ma a rinjaye ki. Ba zan ɓoye miki ba.

Kafin Asabar ɗin akwai aji gobe. Ki rubuta lissafi a allo, ki kira ta ko ba ta ɗaga hannu ba. In ta yi daidai, kada ki ce wa kowa ya tafa. Ke ki tafa, ko ke kaɗai ce, ko ba ki ji komai a ranki ba. Shekaru nawa hannuwan nan suna wannan aikin, sun san yadda ake yi. Ita ba za ta ga cikin zuciyarki ba, Malama, tafin za ta ji.

Allah ya sanyaya miki, ya raya 'yan ajinki gaba ɗaya, har da ta bakin taga.