Mu Ba Ma Cin Tuwo Kowa da Kwanonsa

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar da ta kawo mana manhajar waya ta yara masu ciwon sukari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Ni matar manomi ce a wani ƙauye kusa da Sinja, a ƙasar Sudan. 'Yata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba, shekararta goma, da allura take rayuwa. Da ma'aikatanku suka sa mana manhajar, har kuka na yi don murna. Yarinyar ta fi ni Larabci, ita ke rubuta abin da za ta ci, waya ta faɗi yawan allura, ni in yi mata.

Ga kukana.

Na ɗaya, babu abincinmu a ciki. Akwai burodi da makaroni, babu tuwon dawa, babu fura, babu kunu. Sai ta zaɓi asida, tunda ita ce ta fi kama da tuwo.

Na biyu shi ne ya kusa raba ni da ita. Manhajarku ta ɗauka kowane yaro da kwanonsa. Mu yaranmu kwano guda suke sa hannu. Ranar da abin ya faru ta zaɓi kwano ɗaya, na yi mata allurar kwano ɗaya. Tuwon bai da yawa, ƙannenta uku suna wawaso, sai ta yi loma kaɗan ta janye hannu, kamar yadda kowace babbar ya ke yi a gidajenmu. Kafin la'asar na same ta a bakin murhu, gumi sharkaf, ba ta jin kira, don allurar ta fi ƙarfin abin da ta ci. A raksha, wato keke mai ƙafa uku, muka kai ta asibiti, ina ta shafa mata sukari a dasashi.

Ina roƙonku ku sa abincinmu a ciki. Ku sa ta riƙa tambayar yaro su nawa ne a kwanon. Ku sa mata murya da Hausa, don mu iyaye mu ji da kunnenmu.

Allah Ya tashi kafaɗunta, amma zuciyata ba ta warke ba. Yanzu ita kaɗai take ci a gefe, tana leƙen ƙannenta. Jiya ta tambaye ni ko laifi ta yi da ta bar musu tuwon. Alhali kuwa ni na koya mata hakan.

Allah Ya yi muku jagora, Ya raya muku naku 'ya'yan cikin lafiya.

Wassalam,
Wata uwa daga gefen Sinja.