Saveta, Sake Ƙirgawa

Kwarin Jiu, 2 ga Oktoba

Zuwa ga jikana Horia,

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda an ce kai ne mai ilimin gidan nan. Wane ne yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, amma shi ke hana na sama faɗowa? Sa shi a aljihu tukuna.

Ina gaishe ka da kyau. Yaya sanyin Cluj, yaya tarin nan naka? Ina fata kana cin abu mai zafi, don a hoton da uwarka ta nuna mini wuyanka ya koma na zakaran da ya sha ruwan sama. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da kunnen nan da ya raba ni da waya.

Takardarka ta iso. Ka ce kamfaninku ya karɓi gyaran manhajar kejin da ke sauka da mutane cikin ramin kwal na garinmu, wadda marigayi kakanka Tiberiu ya rubuta. Ka ce duk sanda ka sa kwamfuta ta harhaɗa aikin sai ta cije, ta rubuto maka: "Saveta, sake ƙirgawa." Kana tambaya me sunana yake yi a cikin injin mahaƙa.

Na yi dariya har maƙwabciyata Rodica ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke tsohuwa, miji kika samu?" Na ce, "Tsohon ne ya aiko saƙo, shekara shida bayan mun binne shi." Ta yi alamar gicciye ta koma cikin kabejinta. Da ta tafi na daina dariyar. Na ji muryarsa sak, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya faɗi abin da ba a so.

Ni aji takwas na yi, sai koyon tafireta, amma shekara goma sha tara ina buga masa aiki a ofishin mahaƙa, don haka saurara. Akwai jeri biyu. Ɗaya na zangunan da keji ke tsayawa, ɗaya na inda zai fara taka birki kafin kowane zango. Kakanka ya ƙirƙiri wata 'yar kalma, makro yake ce mata, wadda ake warwarewa tun kafin a fara harhaɗa komai. Tana ƙirga jerin biyu. In sun zo daidai, sai ta nemi a gina ɗan akwati mai ɗaki ɗaya, a wuce. In sun saɓa, sai ta nemi akwatin da girmansa bai kai sifili ba. Wa zai iya gina wannan? Sai kwamfuta ta tsaya ta kira sunan akwatin. Sunan da ya raɗa masa ke nan kake gani.

Me ya sa sunana? Kakanka mutum ne mai tsokana. Kai dai kada ka taɓa layin nan mai sunana.

Na ba direban bas kwalba biyu na yajin gauta ya kawo maka. Ka dawo mini da kwalabena.

Kakarka,
Saveta

Kwarin Jiu, 11 ga Oktoba

Horia ɗana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Yau gaisuwar gajera ce.

Ka ce ka ƙirga da idonka, layi goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can. Ka ce dabarar ta tsufa, shugabanka ya ce a cire ta a miƙa aiki ƙarshen wata, don za a sake buɗe zango na bakwai da ruwa ya cinye. Har ka ce, "Kaka, kada ki damu, zan ajiye miki layin a firam irin na hoto." Ja'iri. Ajiye firam ɗinka, ka zauna.

Ƙarya na yi maka. Ba tsokana ba ce.

Shekarar da aka haife ka aka buɗe zango na tara, can ƙasan rami. Tiberiu ya ba ni takarda biyu in shigar a kwamfuta, ɗaya ta zango, ɗaya ta birki. Na shigar da ta farko. Ina ɗaukar ta biyu aka yi waya daga asibiti cewa uwarka ta fara naƙuda. Na tura takardar ƙarƙashin tafireta, na ɗauki mayafina. Washegari ya tambaye ni, "Saveta, duka biyun?" Na ce, "Duka biyun mana, ka ɗauke ni yarinya?" Wallahi har zuciyata na ɗauka na yi. Kwamfuta ta karɓa ba ta ce uffan ba. A lokacin ba ta da bakin cewa.

Ranar Litinin da safe keji ya sauka da mutum huɗu. Da ya doshi na tara ya nemi inda zai taka birki, bai samu komai ba. Uku sun fito da karaya. Gligor bai fito da rai ba. Kai ba ka san shi ba. Dogo ne mai gashin baki, kullum in ya wuce tagar ofis sai ya ƙwanƙwasa ya ce, "Malama, a buga mini takardar hutu, a sa hannun minista!" Ranar ma ya ƙwanƙwasa.

Masu bincike suka ɗora wa ƙarfen birki laifi, suka tafi. Kakanka ne ya ɗaga tafireta ya ga takardar. Mako guda yana cin tuwon masararsa bai dube ni ba. A rana ta takwas ya kira ni gaban kwamfuta, ya goge layi ɗaya da gangan, ya ce in danna. Na danna, sunana ya fito. Na ce, "Tiberiu, tona mini asiri za ka yi?" Ya ce, "Ba wanda zai gani sai wanda ya yi irin naki. Shi kuwa ba zai sami bakin zaginki ba." Daga nan bai sake tayar da maganar ba har ya mutu.

Ni ce ban huta ba. Kowace shekara ina dafa alkamar sadakar matattu in kai coci da sunan Gligor, matarsa Lenuta tana riƙe hannuna tana cewa ba ta da ƙawa kamata. Har yau in reshen bishiya ya taɓa gilashin taga da rana tsaka, sai na ajiye cokali.

Uwarka ba ta sani ba, ba wanda ya sani. Yanzu ka sani, kuma in ka ga dama ka daina cin abin hannuna. Amma ni ma na rantse na ƙirga, Horia. Idona ya ce daidai, bakina ya ce daidai. Layin nan bai san gajiya ba, ba a kiransa daga asibiti. In ya ce ba daidai ba, koma ka duba.

Kakarka,
Saveta

Kwarin Jiu, 20 ga Oktoba

Jikana Horia,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya aiki? Takardarka na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ɗan aike bai ma juya kekensa ba.

Ashe layin birki na zango na bakwai yana nan a rubuce, ido na ganinsa, amma an kashe shi tun shekarar ambaliya. Ka kunna na zango, ka manta na birki. Goma sha ɗaya a ido, goma a wurin kwamfuta. Ka ce da ka cire gargaɗin, daga na bakwai zuwa ƙasa kowane zango birkin na ƙasa da shi zai ɗauka, na ƙarshe kuwa babu. Ka ce da ka gano, sai da ka fita waje ka zauna a kan matakala. Na san zaman nan. Ɗan Lenuta na biyu a rukunin safe yake, shi ke fara shiga keji.

Ka tambaya ko in kana sabunta layin ka cire sunana ka sa wani abu. Bar shi. Wurin da ya dace da shi ke nan.

Ka kuma rubuta a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe kamar mai jin kunya, cewa za ka zo Kirsimeti. To, zo. Za ka raka ni gidan Lenuta, don gwiwata ba ta hawa tudun nan ita kaɗai, kuma abin da zan faɗa mata ba na tsaye ba ne. Ban san ko za ta sake riƙe hannuna ba.

Ka gaishe mini da shugaban naka, ka ce wata tsohuwa ta ce ya sha ruwa ya huce.

Kakarka mai ƙaunarka,
Saveta

Af, na ga duk iliminka ba ka amsa kacici-kacicin da na yi maka ba. Kakanka Tiberiu ne. Yana kwance a bayan coci, layi na uku daga ƙofa.